Nafi'u da Gajeriyar Bindiga

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga Kankara, zuwa ga ɗana Nafi'u.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan ka sauka Sabuwa lafiya, ka iske kawunka Malam Lawal da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare hanyar da ka bi, ya tsare wadda za ka biyo ka dawo, ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Mu nan sai godiya. Ba labarin gida ya sa na ɗauki alƙalami ba, don haka na bar shi.

Innarka ce ta gaya mini, bayan mashin ɗin da ya ɗauke ka ya sha kwana. Ta ce tana haɗa maka kaya hannunta ya taɓa ƙarfe a ƙasan jaka, naɗe cikin tsohuwar riga. Da ta buɗe sai ta ga gajeriyar bindiga ƙirar maƙera. Ta mayar yadda ta same ta, ta ja bakinta, don tana gudun mu yi ta da kai a gaban maƙwabta. Ban yi mata faɗa ba. Zama na yi bakin zaure ina haɗa magana da magana. Tun ranar da kawunka ya faɗa a waya cewa barewa ta dawo tana cin ganyen wake a bakin gonarsa, kai da sai an yi da gaske kake ɗaukar fartanya ka fara cewa za ka je ka taya shi girbi. Ashe ba dawa ka tafi yanka ba.

Ko da kana nan na san yadda za ta kasance. In yi ta zuba kana sunkuye kana tonon ƙasa da tsinke, kana "to Baba, to Baba", in na gama ka tashi ka aikata abin da ka riga ka ƙulla. Haka na yi wa nawa uban, wa zan kai wa ƙara? Na gaji da hani, Nafi'u. Gwiwoyina sun gaji, idanuna sun gaji, bakin ma ya gaji. Ba zan ce ka jefa ta rijiya ba, don na san ba za ka jefa ba. Zan dai gaya maka wautar da na tafka da irin wannan ƙarfen, ko Allah ya sa ka tsallake wasu. Abin da nake so guda ɗaya ne, ka dawo gidan nan da ranka. Nama kuwa ka zo da shi ko kada ka zo da shi, haƙoran cinsa ma sun ƙare mini.

Ni ma da gajeriya na fara, kuma don a gan ni na saye ta. Kakanka yana da doguwar bindigarsa ta toka, ya ce in koya da ita, na ga ai wannan ta tsofaffi ce. Na je kasuwar Yankara na samo 'yar gajeriya hannun wani maƙeri, na soke a ƙugu, ina ɗage riga da gangan in zan gifta masu tallar fura. Da kakanka ya gan ta sai ya juya ta a tafin hannu, ya miƙo mini, ya ce, "Mi ka sawo haka? Ta kashe ɓera ce ko ta kashe mai ita?" Na yi fushi har na ƙi cin tuwo.

Fitata ta farko wajen Mairuwa ce, lokacin daji bai zama abin tsoro ba. Na hango bareyi a fako, nisansu ya kai daga zaurenmu zuwa bakin titi. Na miƙa hannu ɗaya irin yadda na ga ana yi a majigi, na runtse ido, na danna kunama. Da hayaƙi ya washe, ɗaya daga cikinsu ma sai da ta tsaya ta ƙare mini kallo sannan ta bi 'yan uwanta. To ka sani, gajeriya ba ta da dogon zango. Doguwa takan yafe wa mutum rawar hannu, ita ba ta yafewa. Hannunka ya motsa faɗin farce, harbin ya tafi wani gari. Kafin ka nuna ta ga wani mai rai, ka nemi suri a bayan gona inda babu hanya, ka jingina tsohuwar ƙwarya, ka riƙe da hannu biyu, ka dafa gwiwa ko kututture, ka yi ta gwadawa har ka san inda ƙarfinta yake ƙarewa. In ba ka matsa kusa har kana ganin barewa tana motsa baki tana tauna ba, ba ka kai wurin harbi ba. Kuma ko wannan gwajin kada ka yi shi sai ka sanar da mai unguwa, don yanzu ƙarar bindiga guda tana watsa ƙauye, mata su goya yara su bar tukunya a kan wuta.

Da na ga ba ta kaiwa nesa, sai dabarata ta ba ni in ƙara mata albarushi. Babban yatsana na dama ka san shi, ka sha wasa da dungulminsa kana ƙarami kana tambayar wa ya cinye sauran. Ita ta cinye. Ta tsage a hannuna, ta tafi da rabin yatsa da jin kunnen hagu, shi ya sa har yau in za ku yi mini magana sai kun zagayo ta dama. Innarka ta ce taka ta harsashi ce irin ta yanzu, to amma ƙarfen maƙera ƙarfen maƙera ne. Kada ka cusa mata abin da ba nata ba. Kada ka soke ta a ƙugu da ɗuri a ciki, kada ka hau mashin da ita a ɗane, kada ka ajiye ta inda yaran kawunka za su gani. Bakinta kullum ya dubi ƙasa, ko da ka rantse babu komai a cikinta.

Sannan kafin ka fita ko sau ɗaya, kawunka ya kai ka wurin Sarkin Bakan yankin, shugaban maharba, ya duba ta, ya kai ka ga mai gari, a san da kai, a yi abin da hukuma ta ce a yi. In suka ce ba a yarda da gajeriya ba, ka miƙa ta babu gardama. Doguwa a kafaɗa kowa ya gani ya san maharbi ne. Gajeriya a ƙarƙashin riga wani suna ake ba mai ita a wannan zamani, kuma a shingen jami'an tsaro ba wanda zai tsaya tambayar ɗan wane ne kai.

Tunda ita sai an matsa kusa, dole na koma na durƙusa wa kakanka ya koya mini burtu. Ka taɓa ganin nawa rataye a ɗakin shirgi, kan tsuntsun nan mai dogon baki da muke ɗaurawa a goshi. Mutum ya lulluɓa baƙin zane, ya yi rarrafe cikin ciyawa yana kaɗa kai kamar tsuntsu na kiwo, dabba ta gani ba ta damu ba har ka zo dab da ita. Wata rana, ina sabon ango, na hango wata barewa na yi rarrafe tun fitowar rana har hantsi ya yi zafi, ƙarangiya ta cika mini gwiwa, cinnaka na cizo ina haƙuri. Saura ƙiris sai barewar ta ɗaga hanci ta shaƙa, ta yi tsalle ɗaya ta ɓace. Iska ta bayana take busowa, ni kuwa jikina duk turaren ɗakin innarka ne. Da na ba kakanka labari ya yi dariya har da tari, ya ce, "Burtun da ke ƙamshin amarya, ai ko jaki ya gane shi." Daga nan na koyi ɗibar ƙasa mai laushi in saki in ga inda iska ta nufa, in zagaya har ta zamo a fuskata take bugawa. Kai ma ka yi haka, ka bar sabulu mai ƙamshi da taba ranar da za ka fita.

Amma burtun kansa kada ka sa shi. Na faɗi labarinsa ne don ka san iska. Yau mutum ya lulluɓa baƙi yana jan ciki a cikin gamba, 'yan sa-kai suka hango shi daga nesa, ba za su jira ya ɗago ya yi sallama ba, kuma ba zan ga laifinsu ba. Ka ga inda abin ya tsaya: bindigarka ba ta aiki sai kusa, kusa kuma ba ta samuwa sai da rarrafe, rarrafen ya zama abin da ya zama. Abin da ya rage maka shi ne zama. Ka sami gindin itace a bakin gonar waken, wurin da kawunka ya sani, ka zauna da sassafe ka jira ta zo da ƙafarta. In ba ta zo ba ka tashi ka kama aikin da aka ce ka je yi.

Akwai wata wautar da har yau in na tuna sai in ji kunya. Wani rani, yamma da Faskari, na ga sabara tana motsi, na hango ja-ja a tsakanin ganye, zuciyata ta ce gada ce. Ban jira ta fito ba na saki. Kukan da na ji ba na gada ba ne. Maraƙi ne na wani dattijon makiyayi, Baffa Sambo, wanda rugarsa ke kusa. Na tsaya har ya iso da sandarsa a kafaɗa. Ya dubi maraƙin, ya dube ni, ya ce, "Maharbi, kawo wuƙa tukuna kada ya zama mushe, magana ta biyo baya." Muka yanka. Da muka gama ya ce, "Idonka ne ya mutu, ko zuciyarka ce ta riga shi?" Na ce zuciya ce. Bayan kwana biyu na ɗora buhun dawa a kan jaki na kai masa, matarsa ta dama mini fura da nono, daga nan muka zama abokai har Allah ya karɓi ransa. To wannan a da ke nan. Yau irin wannan maraƙin guda yana iya jawo abin da zai tashi ƙauyuka, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba su rasa gidajensu. Kada ka harbi motsi, kada ka harbi launi. Sai ka ga kai, ka ga ƙafafu, ka ga abin da ke bayanta, sannan ka ambaci sunan Allah. Wuƙarka kuma ta kasance a washe.

Hannuna ya fara ciwo, amma saura magana ɗaya, kuma saboda ita na zauna rubutun nan.

Ka san ƙa'idarmu ta maharba. Wanda ya fitar da jinin dabba, sai ya bi ta har ya same ta ya yanka. Ba a barinta ta tafi da rauni, ƙuda ya bi ta, tsutsa ta ci ta da rai, ta mutu mushe, alhakinta ya hau wuyan wanda ya harba. Maharbin da aka san yana barin jini ba a zama da shi, ba a ba shi kaso. Ina saurayi na taɓa raunata gada na dawo gida don rana ta yi zafi, kakanka ya tare ni a ƙofa, bai bar ni na sha ruwa ba, ya ce in koma. Na koma na nemo ta. Tun daga ranar abin ya zauna mini a rai kamar salla, kuma haka na dasa maka shi tun kana bina da burgami, jakar farautata.

Baba Tanimu ka san shi, abokin farautata tun muna samari, mai ɗingishin nan da yake kawo muku goruba. Ka san ya tafi daji bai dawo ba, ka zauna wurin ta'aziyya. Yadda abin ya faru ban ɓoye wa kowa ba, tun ranar na faɗa wa Sarkin Baka da iyalinsa, amma kai ban taɓa zaunar da kai na faɗa maka daki-daki ba, don a lokacin ban ga ranar da za ka riƙe bindiga ba.

Muna ƙauye ke nan, ba mu taso zuwa cikin Kankara ba. Daji ya riga ya lalace, mun daina shiga ciki, sai gefe-gefe. Da kaka ne kamar yanzu. Na ɗauki wata gajeriya da na sake saya saboda doguwa ta fara jawo ido a hanya. Da hantsi muka ga barewa a bakin wata gonar gyaɗa. Ta ɗan fi ƙarfin bindigar nisa, na kuma sani, amma mun daɗe ba mu ga irinta ba, kwaɗayi ya ja ni. Da furfurata na sake wautar da na yi a Mairuwa ina yaro. Na same ta a cinya, ta tafi da ƙafa uku.

Muka bi jini a kan ciyawa, ɗigo nan, shafa can, har ya kai mu bakin rafi. Kowa a yankin ya san daga wannan rafin zuwa gaba ba namu ba ne kuma, na mutanen daji ne. Tanimu ya tsuguna yana duban yashi, ya ce, "Ilu, ka ga sawun mashin, kuma na yau ne. Mu koma."

Na ce, "Jinin ɗanye ne, ba ta yi nisa ba. Tana bayan kalgon can."

Ya ce, "Ni ma na gani. Amma mu bar ta, Allah shina gani ba da gangan muka bari ba."

Na ce, "Tunda nike ban taɓa barin jini ba. Yau da hurhura a kai zan hwara?"

Ya dube ni. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce, "To tahi, ina bayanka."

Muka tsallaka. Tana nan kuwa gindin kalgon, kwance tana haki. Na durƙusa na yi bisimilla na yanka. Ban ko goge wuƙar ba muka ji rurin mashina ta gabanmu, Tanimu ne ma ya fara ji, ni kunnena ɗaya ne. Muka zuba a guje. Ni na faɗa wani kwazazzabo na mirgina cikin ciyawa na lafe. Shi ƙafarsa ba ta kai shi ba. Ina kwance ina jin suna daka masa tsawa suna tambayar su nawa ne, ina jin muryarsa yana cewa, "Ni kaɗai nike. Ni kaɗai na zo." Ya maimaita har sau uku. Daga nan mashinan suka juya, ƙararsu ta yi nisa.

Ba mu sake ganinsa ba, ba mu sami abin da za mu binne ba. Matarsa ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba, har yau duk azumi sai ta aiko mini da kunu. Na cika ƙa'ida, barewar ba ta mutu mushe ba, na bar ta can a yanke ungulu suka ci. Tun ranar ban sake taɓa bindiga ba, kuma gajiyar da ta hau ni a cikin kwazazzabon nan ba ta sauka ba har yanzu.

Nafi'u, gajeriya ta fi raunatawa a kan kashewa, musamman a hannun sabon shiga. Ko ka kiyaye duk abin da na faɗa, akwai ranar da za ka harba ta tashi da rauni, kuma ba gari za ta nufa ba, daji za ta nufa. Dalilin da ya sa bareyi suka dawo bakin gonaki ke nan, mutane sun bar musu dajin, kai ma ka san wa ya kore su. Ranar za ka tsaya da jini a gabanka, maganata ta dā tana yi maka kuwwa a kunne cewa ɗan Ilu ba ya barin jini. To ni da na faɗa maka, yau na janye. Ka tambayi kawunka iyakar inda mutanen garin suke tsayawa, ko rafi ne, ko tsohon burtali, ko wata kuka, ya kai ka da ƙafarsa ya nuna maka. In ta tsallake wurin, ko kana hango ta kwance, ko taku kaɗan ya rage, ka juya. In abokan fita suka yi maka dariya, ka ce tsohonka ne ya hana. In Sarkin Baka ya ce ka karya ƙa'ida, ka ce ya aiko Kankara, ni zan amsa. Alhakin dabbar kuma na ɗauke shi, na roƙi Allah ya ɗora mini, ni na saba da ɗaukar wanda ya fi shi nauyi. Kuma kada ka ja ɗan kowa ya bi ka.

Iyakar abin da zan iya ke nan. Ka gaishe mini da Malam Lawal da mutanen gidansa, ka ce na ba shi amanarka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka yi addu'ar fita duk sanda za ka bar gida. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya makantar da idon mugu daga kanka, ya sanyaya maka zuciya a lokacin da take son ta riga idonka. Allah ya jiƙan Tanimu a duk inda ƙasa ta rufe shi, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya yi maka albarka.

Innarka tana gaishe ka. Tun da na fara rubutun nan take leƙowa tana tambayar yaushe za ka dawo. Na ce mata da zarar an gama sussuka za ta gan ka a ƙofar gida. Ta yarda, har ta fara tanadin daddawar da za ta yi maka miya. Kada ka mayar da ni maƙaryaci a wurinta.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Malam Ilu Maharbi